Inna Mai Hawa Bene

"Inna, saki ƙarfen nan mana. Yanzun nan za a gama."

Inna ta ƙara damƙe ƙarfen dogarawarta, mai ƙafa huɗun nan da aka ba ta a asibiti, ta karkace ta dubi autanta, don bayanta ya riga ya ranƙwafa, ba ta ganin fuskar dogon mutum sai ta karkace. Auta bai jira amsa ba. Ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har da murmushinsa, ya ja ƙarfen zuwa tsakiyar falo ya ɗaure wayarsa a jiki da igiyar roba. Ƙarfen kuwa ya karɓi aikin, ba ya rawa, tsayinsa daidai da ɗaukar hoto.

Matarsa, wadda har yau Inna ke kira Amarya ko da yake 'ya'yanta sun yi nisa a makaranta, ta gyara mata ɗaurin kallabi, ta shafa mata hoda, ta miƙa mata kofin gilashi.

"Ki sha, ki ajiye, ki miƙe ki taka zuwa ƙofa ki dawo," in ji Auta. "Kar ki dafa komai. Kuma don Allah ki yi fara'a. Jiya fuskarki kamar an aiko miki da rasuwa."

Ta sha. Ta haɗa duk ƙarfin da Allah ya bar mata ta miƙe. Wani abu ya soke ta a gadon baya har sai da gumi ya tsattsafo mata a ƙarƙashin hodar, amma ta washe baki, ta taka zuwa ƙofa, ta juyo, ta faɗi abin da aka koya mata: "Da ba na iya tashi, yau ga ni ina takawa da ƙafata. Ku sayi garin ƙashi a wurin ɗana."

"Yawwa, 'yar tsohuwa mai ran ƙarfe!" Auta ya tafa. Ya kwance waya ya hau dannawa, Amarya ta leƙa ta kafaɗarsa suna dariya. Babu wanda ya tuna ya mayar mata da ƙarfen, sai da ta bi bango ta kai kanta kujera.

Abin da ke cikin kofin wani farin gari ne da ake kira kolajin, an ce daga fata da ƙashin shanu ake tace shi. Tun da aka sallami Auta daga aiki ya koma ɗauko shi kwali-kwali daga wani kamfani yana sayarwa ta waya. Da fari kasuwar ba ta motsi. Sai Allah ya kawo ciwon Inna.

Ranar da ya kai ta asibiti, likitar ƙashi ta ɗaga hoton ƙashinta da aka ɗauka a gaban fitila ta nuna musu. "Iya, ƙashinki ya zaizaye, ciki duk ya zama ramuka kamar soso. Ga ƙwaya, mako-mako za ki riƙa sha. Ki ci ƙwai da kifi, ki sha madara, ki riƙa zama a hantsi. Amma abin da ya fi komai, kada ki faɗi. Faɗuwa ɗaya ta isa ta kwantar da ke. Wannan ƙarfen, ko bayi za ki, da shi za ki." Auta ya zaro gwangwanin garinsa daga jaka ya tambaya ko Inna za ta iya sha. Likita ta jujjuya gwangwanin ta ce, "Ba zai cutar da ita ba, ta sha in tana so. Amma ƙarin abinci ne, ba zai tsaya a madadin maganinta ba." Rabin farko na maganar ne ya biyo Auta gida. Rabin ƙarshe a ofishin likita ya bar shi.

Ita Inna ba ta nemi komawa yarinya ba. Ta yi wankau da guga shekara da shekaru, ta san jiki kaya ne mai ƙarewa. Abu ɗaya take roƙon Allah a kai, ya bar mata ƙafarta ta riƙa kai kanta bayi, kada ranar ta zo da surukarta za ta ɗauke ta a wanke ta kamar jaririya. Wannan kaɗai take tsoro, ko mutuwa ba ta tsoro haka.

Bidiyon ya yi farin jini. Waya ta hau ƙara tun safe, masu babur suka hau sintiri a ƙofar gida suna kwasar kwalaye. Auta ya yi sabon aski, ya fara kiran kansa mai ba da shawara kan lafiyar ƙashi. Inna ta yi murna, wallahi ta yi, don ba ƙaramin abu ba ne uwa ta ga ɗanta ya daina zaman tagumi a falo.

Sai ƙwayar asibiti ta ƙare.

"Auta, maganin nan ya ƙare fa. Kuma likita ta ce mu koma."

"Za mu koma, Inna. Bari in sallami kayan nan."

Mako ya zagayo ta sake tuna masa. Ya zauna a hannun kujerarta, ya kama hannunta, ya yi ƙasa da murya irin yadda yake yi tun yana yaro in zai roƙi abu. "Inna, ki duba mana. Fuskarki yanzu kowa ya san ta. In aka gan ki a layin masu ciwon ƙashi, da ƙarfe a hannu, me za a ce? Wani ɗan baƙin ciki ya ɗauke ki hoto ya watsa, shi ke nan an kashe min kasuwa. Da me zan ciyar da ku? Kuma ai kina shan wanda ya fi ƙwayar. Saniya sukutum ce a cikin gwangwanin nan."

Ta janye hannunta. Me za ta ce? Abincinsa take ci, ɗakinsa take kwana.

Daga nan aka hana ta zaman ƙofar gida. Da can kullum da hantsi takan tura ƙarfenta zuwa dakali ta zauna rana ta gasa mata baya, tana gaisawa da masu wucewa. Amarya ce ta tare ta a soro. "Inna, ki yi haƙuri, shi ya ce. In za ki fita ki fita ba ƙarfe, in kuwa da ƙarfe ne ki zauna a ciki. Ni 'yar aike ce." Ba ƙarfe kuwa Inna ba ta isa ta ƙetare dokin ƙofa ba. Ta koma ɗakinta na baya, wanda tagarsa ke kallon katangar maƙwabta, inda rana ba ta leƙowa ko da wasa.

Ƙarfen ma ya daina kwana a ɗakinta. Kwancewa da ɗaurewa kullum wahala ce, in ji Auta, sai aka bar shi a falo da robarsa da 'yar fitilarsa, Amarya na rataya masa kallabi in ba a aiki. Inna ta koyi bin bango. Ta san kowane tsagi a jikin bangon nan daga gadonta zuwa bayi, ta san inda fenti ya ɓare, ta san inda babu abin kamawa sai ta yi bisimilla ta jefa ƙafa.

Ƙwai da kifi kuwa, ai ba a maganarsu. In an soya na yara ne masu zuwa makaranta. In ta kalli kwanon, Amarya ta ce, "Ke da kike shan mai gaba ɗaya, Inna, me za ki yi da ƙwai?" Abin takaicin, garin ma ba ta samunsa sai ranar ɗaukar hoto, don kowane gwangwani da mai shi. Da oda ta yi yawa kaya suka yanke, sai aka koma dama mata garin masara da ruwan ɗumi. A waya ai duk fari ne.

Amarya ba muguwa ba ce, kada a ɗauki alhakinta. Mace ce da ta gaji, tana liƙa kwalaye tun safe har yatsunta su yi kanta, ga girki, ga yara. Wani lokaci takan tsaya a ƙofar ɗakin ta dubi tsohuwar, bakinta ya motsa kamar za ta yi magana, sai waya ta yi ƙara a falo ta juya. Irin wannan tausayin da ba ya tsinana komai, gidaje da yawa cike suke da shi.

Wata safiya Inna ta yi atishawa, ta ji ƙas a bayanta. Tun daga ranar zanen da take ɗaurawa ya fara jan ƙasa, sallah ta koma yi a zaune, numfashi ma sai ta lallaɓa shi. A ranar ne babbar 'yarta, da ke aure a nesa, ta kira cike da murna.

"Inna! Na gan ki a waya, har na yi ƙwalla. Kin ga yadda kike takawa kuwa? Allah ya yi wa Auta albarka, ya fi mu duka."

Auta na tsaye a kanta, shi ya riƙe mata wayar a kunne.

"Amin," in ji Inna. "Da sauƙi sosai."

"Ciwon bayan fa?"

"Ya tafi."

Da aka kashe wayar ta juya fuska bango. Baƙin ciki ya kama ta, ba don ciwon ba, don ta ga ƙaryar ta bi bakinta ta zauna daram, har ta kai ga 'yar da ta haifa.

Ana haka wani mai sayar da irin garin ya saki bidiyon tasa tsohuwar tana rawa da taɓarya a hannu. Ciniki ya ja baya. Auta ya kwana biyu yana huci, rana ta uku ya shigo ɗakin Inna da sabon leshi a leda.

"Inna, yau bene za mu hau. Matakalar gidan sama, 'yan kaɗan ne. Ki riƙe bokiti, ba komai a ciki, ki hau ki juyo ki ɗaga hannu. Shi ke nan."

"Auta, ka ji tsoron Allah. Likita ta ce kada in faɗi."

"Wa ya ce za ki faɗi? Ina bayanki."

"In kana bayana wa zai riƙe wayar?"

"Ai ga ƙarfe." Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Sai ya ɗaure fuska. "Inna, ni fa ban gane ba. Duk abin nan don wa nake yi? Yaya tana can tana aiko da gaisuwa ta waya, ni nake ɗauke da ke. Sau ɗaya na roƙe ki abu."

Ba sau ɗaya ba ne, amma Inna ba ta iya musu da shi, tun yana goye ba ta iya ba. Aka sa mata leshi, aka shafa hoda, aka ɗaura kallabi ya tashi sama. Aka kafa ƙarfenta a gindin matakala da waya a jikinsa. Ta dube shi, yana nan kusa, hannu kawai za ta miƙa.

Ta hau. Allah kaɗai ya san yadda ta hau, amma ta hau, bokiti a hannun dama, hagu na rawa a iska don an ce kada ta taɓa bango. Ta kai inda aka ce, ta juyo, ta ɗaga hannu, ta yi murmushi. Auta, wanda ya ce yana bayanta, yana can ƙasa ya sa ido a waya yana cewa, "Madalla! Tsaya haka!" Wajen saukowa gefen leshin ya shiga ƙarƙashin ƙafarta. Ba wata doguwar faɗuwa ba ce, zama ta yi a kan ƙugu. Amma ta ji ƙarar a cikin jikinta, ta kuma san ta gama taka ƙasa.

Suka kinkime ta zuwa ɗaki, tana salati. Auta ya yi zuru-zuru, har ƙwalla ya yi. Ya ce bari ya nemo mota. Ya fita falo, Inna ta ji shirunsa ya yi tsawo. Da ya dawo ba mota, sai man zafi a hannu.

"Targaɗe ne, Inna. Ƙashi in ya karye ai ba haka yake ba. A shafa wannan, zuwa jibi mu gani."

Kafin la'asar ya yanke ƙarshen bidiyon ya sake shi. Daga ɗakinta tana jin wayarsa na ƙara ba ƙaƙƙautawa.

Ranar da take tsoro ta zo, ta kuma zauna. Amarya ta shigo da roba da tsumma, ta toshe hanci da gefen mayafi, tana cewa, "Ba komai, Inna, lada ne." Inna ta rufe ido ta bar hawaye na bin kunnenta. Ƙafar ta gajarce ta juya waje, ƙugun ya kumbura ya yi baƙi. Jibi ta zo ta wuce, wata jibin ma ta wuce. Kullum Auta zai leƙo daga bakin ƙofa, ba ya shigowa ciki. "Ya jikin? Da sauƙi ko? Na ga alama. Bari kayan nan su tafi." In maƙwabta sun tambaya, a ce ta je ganin 'yarta.

Wata rana da hantsi, Auta ya fita, Inna ta ji sallamar baƙuwa a falo. Wata tela ce daga wata unguwa, ta zo sayen gwangwani na biyu wa mahaifiyarta. Muryarta a sake, irin ta mai jin ta yi abin kirki.

"Ai tun da na ga tsohuwar nan ta hau bene na ce shi ke nan. Na ce wa Iyata ta ajiye ƙwayoyin asibitin nan, sun isa haka. Sandar ma na ɓoye, don na ga in tana ganinta ba za ta taɓa daurewa ta taka ba. Tana ta mita, na ce ki dubi sa'arki a waya. Tana ciki ne in gaishe ta?"

"Ta yi tafiya," in ji Amarya.

Inna ta buɗe baki, murya ta ƙi fita, don rabonta da magana mai ƙarfi an kwana biyu. Ta tuna Auta, ta tuna zaman tagumin da ya yi kafin garin nan, ta tuna cewa duk abin da za ta faɗa yanzu a kansa zai sauka. Sai kuma ta hango wata tsohuwa da ba ta sani ba, a wani ɗaki, tana bin bango. Ta lalubo kofin silba da ke gefen gado ta hau buga shi a jikin ƙarfen gadon, tana bugawa, tana bugawa, har labulen ya ɗaga.

Tela ta tsaya a ƙofa, warin ɗakin ya buge ta. Ta dubi 'yar ƙanƙanuwar tsohuwar da ke kwance, ta daɗe tana dubawa kafin ta dafe ƙirji. Amarya na bayanta, ba ta hana ta shiga ba, ta dai jingina da bango ta sunkuyar da kai.

"'Yata," in ji Inna, "yaye zanen nan ki ga ƙafar da ta hau bene." Tela ta yaye ta yi salati. "Koma gida yanzu ki ba uwarki sandarta. Ki mayar mata da maganinta. Garin in tana so ta sha, ba ya kisa. Amma ki ba ta sandarta."

Telar ce ta kira mota, ita da Amarya suka ɗauko ta. Suna fitowa Auta ya dawo. Ya dubi maƙwabta da suka taru, ya sunkuyo ta tagar mota, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Inna, ko mayafi ba za a rufa miki a fuska ba?"

Likitar ƙashi ta dubi sabon hoton. Ta tambayi yaushe aka faɗi, Amarya ta faɗa mata, likita ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce za su yi aiki don ciwon ya lafa, amma an zo a makare, ƙashin kuma ya yi laushin da ba lalle ya riƙe ƙarfen da za a sa masa ba. Batun tafiya kuwa, kada Iya ta sa rai sosai. Inna ta gyaɗa kai. Ita ta riga likita sani.

Babbar 'yarta ta iso tana kuka tana faɗa, ta ce sai ta ga bayan kasuwar Auta. Auta ya zo sau ɗaya, da hula a jaye har gira, ya kawo lemo da ayaba, ya ce ƙaddara ce, kowa da ranar faɗuwarsa, kuma in don ta shi ne ai tun farko bai so hawa benen ba. Ya yi alkawarin goge bidiyon da zarar kwalayen da suka rage sun ƙare. Ya kawo mata ƙarfenta ma, ya jingine a gefen gado, har yanzu da guntun roba a jikinsa. Inna ta miƙa hannu ta shafa shi, ta janye.

Gidaje nawa ne ake yin haka, a ci da tsoho a kuma ce ana kula da shi? Ba da duka ake yi ba, ba da zagi ba. Da murmushi ake yi, da "don wa nake yi", da "bari in sallami kayan nan". Wanda ake cuta kuma shi ke sa albarka, don bakinsa ba ya iya faɗin laifin abin da ya haifa.

A gadon da ke kusa da nata akwai wata dattijuwa mai ciwon baya, jikarta ke jinyarta, budurwa mai surutu da son mutane. Wata safiya yarinyar ta ga Inna ta ƙura wa silin ido, tausayi ya kama ta, ta jawo kujera ta matso da wayarta.

"Kaka, kar ki karaya. Dubi wannan, wallahi sa'arki ce, ƙila ma ta girme ki. Wani gari take sha. Ni ma shi zan saya wa tawa kakar in mun fita, mu huta da layin asibiti."

Inna ta duba. Ga tsohuwa cikin sabon leshi, kallabi ya tashi, fuska ta sha hoda, bokiti a hannu. Ta hau, ta juyo, ta ɗaga hannu, ta yi murmushi. Bidiyon ya ƙare ya sake farawa, tsohuwar ta koma gindin matakala ta sake hawa.

"Na san ta," in ji Inna.

"Haba dai! Don Allah? Tana ina yanzu?"

Inna ta kama hannun yarinyar, wayar da komai, ta riƙe gam.

"Miƙo min robar fitsarin can tukuna, 'yar nan, ki ja labule. In kin gama taimakona sai in gaya miki inda take."